Gashin gida ya fara gagarata, ku da kuka daɗe a kai yaya kuke yi?

Maman_Khalifa
Assalamu alaikum 'yan gida. Na daɗe ina karanta ku ban taɓa sa baki ba, yau dai abin ya cika min ciki. Ɗana shekararsa 2 da wata 4. Naƙudarsa ta yi tsawo, da ya faɗo bai yi kuka ba sai da aka sha fama. Daga baya likita ya ce galahanga ce, ƙwaƙwalwarsa ta samu rauni a wajen haihuwa. Har yau bai zauna da kansa ba, ƙafafunsa a sanƙare suke, in ka ɗaga shi sai su harɗe kamar almakashi. Muna zuwa gashi, wato motsa gaɓoɓi a asibiti, sau ɗaya a sati biyu, an rubuto min motsa jiki kala 8 in riƙa yi masa sau 3 a rana. Wata biyun farko ko sau ɗaya ban yi fashi ba. Yanzu wallahi sai in kwana uku ban taɓa shi ba. Yayyensa uku, ga ciki wata 5, ga girki, ga ɗinkin da nake ɗan samun na cefane. Shi kuma da ya hango na shimfiɗa tabarmar nan sai ya fara tsala kuka. Abin da ya fi ci min rai, in an tambaye ni a asibiti sai in ce ina yi. Ƙarya nake musu, kuma ba na iya barci saboda ita. Don Allah ku faɗa min gaskiya, yaya kuke jurewa?

Ummu_Sadiq
Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah Ya ba shi lafiya, Ya sauke ki lafiya. Kamar labarina kika rubuta. Nawa shekara 6 yanzu, kuma na yi wannan ƙaryar ba sau ɗaya ba. Abin da ya taimake ni shi ne na daina ware wa gashi lokacinsa daban, na ɗaura shi a jikin salla. In na idar da Asuba, ban ko naɗe sallaya ba, sai in ja shi in miƙe masa ƙafafu. Bayan La'asar zama. Bayan wankan dare hannaye. Ba na duba agogo, kowace miƙewa ina riƙe ta in karanta Ƙulhuwallahu ƙafa uku, sannan in saki.

Abu_Muhsin
Ni dai a ganina uwa ba ta gajiya da ɗanta. Minti nawa ne gaba ɗaya? In aka rage waya da kallon fim za a samu lokaci. A daure kawai, lada ne.

Ummu_Sadiq
Malam Abu_Muhsin, ka sake karanta abin da ta rubuta. Mace mai ciki wata 5, yara huɗu, tana ɗaga yaron da ba ya taimaka mata da jikinsa ko kaɗan. Ka taɓa ɗaukar yaro mai sanƙarewa daga ƙasa sau ashirin a wuni? Bayana har yau bai koma daidai ba. Ba ta ce ta gaji da ɗanta ba, jikinta ne ya gaji.

Anti_Mai_Gashi
Maman Khalifa, ni aikina ke nan, shekara 9 ina gashin yara a Kano. Ki fara da faɗa wa mai yi muku gashi gaskiya. Ba za ta ci ki tara ba, kuma mafi yawan lokaci hannunmu ya riga ya gaya mana, don jijiyar da ake miƙewa kullum daban take da wadda aka bari. Illar ɓoyewa ita ce za ta zaci abin da ta ba ki ne bai yi aiki ba, ta canza hanya a banza.

Kala 8 sau 3 a rana ya yi wa mai hali irin naki yawa, kuma laifin namu ne da muke rubuta takarda ba mu tambayi yadda gida yake ba. Ki ce mata ku zaɓi buri ɗaya, misali ya zauna da kansa ko na minti ɗaya ne, a bar miki kala 3 da suka nufi wannan burin. Ki ba ta wayarki, ko ki sa wani ya ɗauki bidiyo tana yi masa, don takarda ba ta nuna inda ake sa hannu.

Sai kukan. Akwai kukan ƙi, akwai kukan ciwo. In kina miƙe ƙafa kika ji ta tsaya, nan ne iyakarki, ki riƙe kamar sakan 30, ban da fizga, ban da dannawa da ƙarfi. Yaran da ba sa tsayuwa ƙashinsu ba shi da ƙwari, ana karya su garin gashi. In kuka ya tsananta duk sanda kika buɗe cinyoyinsa, ki faɗa a asibiti a yi hoton ƙugu, don masu irin wannan harɗewar ƙugunsu yana iya gocewa a hankali ba a sani ba.

Hajiya_Kaka
Ɗiyata, jikata ce a hannuna, uwarta tana aiki. Ni ban iya karanta takardar ba, nuna min aka yi. Abin da na gane shi ne ki ɗauke tabarmar nan gaba ɗaya, ya riga ya san ta. Ni a cinyata nake yi mata ina mata waƙa, ba ta ma san aiki ake ba. In ina tsince shinkafa sai in zaunar da ita cikin tsohuwar tayar mota da na lulluɓe da zani, in ajiye mata murfin kwano da cokali a gabanta. Garin miƙa hannu ta ɗauka ta koyi riƙe wuyanta. Allah Ya yi miki albarka, kada ki zargi kanki.

Maman_Khalifa
Amin Hajiya, na gode. Anti, wallahi ban san ana iya ragewa ba, na ɗauka kamar maganin asibiti ne da ba a taɓawa.

Baban_Hanifa
Bari in yi magana da maza, musamman ɗan'uwa Abu_Muhsin. Da irin tunaninka nake, har matata ta kwanta jinya sati biyu, abin ya dawo kaina. Kwana huɗu na yi na gane ban san komai ba. Tun daga nan gashin dare nawa ne. Ina dawowa daga kasuwa, in yi Isha'i, in ɗora 'yata rub da ciki a ƙirjina ina kiran sunanta tana ƙoƙarin ɗago kai ta kalle ni. Ranar da ta fara ɗagowa ta riƙe har na ƙirga goma, kuka na yi, ban ɓoye ba. Maman Khalifa, ki tafi da maigida asibiti ko sau ɗaya. Mu maza in mace ta faɗa mana sai mu ɗauka ƙorafi ne, in ma'aikaci ya kama hannunmu ya nuna mana sai mu ɗauka.

Abu_Muhsin
Na ji, kuma na karɓi gyara. Ban yi nufin ɓata mata rai ba. Maman Khalifa ki yi haƙuri.

Zainabu_Zariya
Don Allah wani abu ɗaya, kalmar galahanga ɗin nan tana min ciwo. A unguwarmu zagi ce. Yarona yana ji, yana ganewa, bakinsa ne kawai ba ya fita.

Ummu_Sadiq
Gaskiya ne Zainabu, amma me za mu ce? In na ce raunin ƙwaƙwalwa sai a ɗauka taɓin hankali nake nufi. In na ce shan inna sai a ɗauka foliyo ne.

Zainabu_Zariya
Ni cewa nake yana da lalura, ya samu matsala wajen haihuwa. Wanda ya damu zai ƙara tambaya. Ta fi min dai a kan a ce ɗan ruwa ne, don har wannan an faɗa min a gidan suna, a gaban mutane, wai a kai shi bakin rafi a ga ko zai koma. Ranar ban iya cin abinci ba.

Malam_Na_Tsangaya
Subhanallahi. Wannan magana ba ta da tushe a addini, ɗa ne kamar kowane ɗa, amana ce a wuyan iyaye. A yi addu'a, a yi tofi, a kuma nemi magani. Babu karo a tsakaninsu.

Inna_Gombe
To ni tambayata ga Anti mai gashi. A nan ana haƙa rami a sa yaro a ciki zuwa ƙugu a cike da yashi, wai ƙafa ta yi ƙwari. Surukata ta matsa min. Tana kuma gasa shi da ruwan zafi da tsumma ta shafa man zafi, ta ce ai shi ne gashin, na asibiti wasa ne.

Anti_Mai_Gashi
Inna, sunan ne ya ruɗa mutane. Da an ji gashi sai a tuna ruwan jego. Don Allah ki hana ruwan zafin nan, na karɓi yara da ƙuna a cinya da baya, kuma yaron da ba ya magana ba zai ce ya yi zafi ba. Ruwa mai ɗumi na wanka yana sassauta jiki, shi ya sa miƙewa bayan wanka take fin sauƙi. Iya nan.

Ramin kuwa, abin da ake nema a cikinsa gaskiya ne, tsayuwa tana ƙarfafa ƙashi, tana taimakon ƙugu, har bayan gida tana sauƙaƙawa. Amma a rami ba kya ganin yadda ƙafar ta zauna, ko a karkace take ko a kan yatsu. Ga zafin ƙasa, ga kunama, ga shi akan tafi a bar yaro shi kaɗai, wanda bai riƙe wuya ba kuwa hatsari ne. Kafinta zai iya haɗa miki abin tsayuwa na katako da maɗauri a gwiwa da ƙugu da ƙirji, da ɗan faifai a gaba na wasa. Ki karɓo awo a wajen mai gashinku. Surukar taki kuma ki ba ta aikin tsayar da shi a ciki, ita ma so take ta yi wani abu.

Dan_Maradi
Salamu alaikum, daga Nijar nike. Nan "kine" muke ce ma gashi. Namu ɗiyan ƙafa ce ta zo a lanƙwashe ciki tun haihuwa. An yi mishi filasta kowane sati ana sakewa, aka yi ɗan yanka a agara, sannan aka ba mu takalmi mai ƙarfe tsakani, tsarin Ponseti ke nan. Lokotoro ya ce awa 23 a wuni har wata 3, bayan nan da dare kawai har ya kai shekara 4 ko 5. Da muka ga ƙafa ta miƙe ya fara tafiya, sai muka aje takalmin, don kuka yake hana mu kwana. Cikin 'yan watanni ƙafar ta fara komawa. Sai da muka sake daga filasta, ga kuɗin mota zuwa Yamai. Abin da nike son in ce, lokacin da aka fara ganin sauƙi shi ne lokacin da aka fi saki.

Maman_Ihsan
Dan_Maradi ya taɓo inda ke min ƙaiƙayi, kuɗin mota. Mu daga ƙauye muke zuwa, mota biyu da adaidaita. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 zuwa sati-sati ya gagara, muka koma wata-wata. Akwai ranar da na fito tun bayan Asuba, na isa aka ce mai ganinmu ba ta zo ba, na dawo haka nan da goyo. Kuɗin da na ranto ne. To in gashin gida ma ya tsaya, me ya rage?

Sani_Mai_Walda
Ni shan inna ce ta kama ni ina shekara 3, yanzu ina da shekara 34, walda nake, kekunan guragu ma ni nake haɗawa. Alhamdu lillahi tun 2020 aka ce an raba Afirka da wannan cutar ta daji, amma mu da ta riga ta taɓa muna nan. Ba a yi min gashi ba, iyayena ba su san da shi ba. Na yi shekaru ina rarrafe, gwiwata ta ƙage a lanƙwashe, har da na girma aka kai ni Asibitin Ƙashi na Dala aka ce sai an yi aiki kafin ƙarfe ya shiga ƙafar. Da an riƙa miƙe min ita tun ina ƙarami da ba a kai nan ba. Ba don in ƙara miki nauyi na faɗa ba Maman Khalifa. So nake ki sani ko bai yi tafiya ba, gaɓar da ba ta ƙage ba babbar riba ce. Sa wando, zama a keke, tsarki, duk da ita ake yi.

Bilkisu_Kd
Ni kuma zan faɗi abin da ba a so a ji. Shekara 5 na yi ban yi fashi ba, na bar aikina, na bar zuwa biki da suna. 'Yata har yau ba ta tafiya. An riƙa ce min in kin dage za ta taka. Da ba ta taka ba sai dangin miji suka ce ni ce ban yi da kyau ba. A daina yi wa iyaye alƙawarin abin da ba a da tabbas a kansa.

Anti_Mai_Gashi
Bilkisu, kina da gaskiya, kuma ki yafe mana. Raunin da ke ƙwaƙwalwa ba ya ƙaruwa, amma gashi ba ya goge shi. Wasu yaran za su yi tafiya, wasu da sanda ko abin turawa, wasu keke ne ƙafarsu har abada, kuma girman raunin ne ya fi yanke wannan, ba ƙoƙarin uwa ba. Abin da kika yi shekara 5 bai tafi a banza ba, ki dubi maganar Malam Sani.

Tun da an zo nan, in ƙara da wannan. Miƙe gaɓa kaɗai, yaro yana kwance ana juya shi, ba ya koya masa komai. Abin da ya fi tasiri shi ne abin da ya yi da kansa, ya maimaita, saboda yana so. Tayar Hajiya Kaka da murfin kwanonta ta fi rabin takardun da muke rubutawa. Haka goyo, yana buɗe cinyoyin mai harɗewa, sai dai a riƙa sauya ɓangaren da kansa yake kallo. Maman Khalifa ke kam da cikin nan ki bar wa wani goyon.

Bilkisu_Kd
Na gode Anti. Wannan ne karo na farko da ma'aikaci ya faɗa min haka kai tsaye. Tana cin abinci da hannunta, tana zama a keke ba ta zamewa, tana zuwa Islamiyya. Ni dai na daina jiran tafiyar.

Hajiya_Kaka
Tun da an ambaci abinci, ku yi hattara da ɗura. Mu da haka muka tashi, a kwantar da yaro a toshe hanci a zuba koko. Jikata ta ƙware sau biyu, na biyun sai da aka kwantar da mu kwana 6 ƙirjinta ya cika. Yanzu a zaune nake ba ta, haɓarta ta ɗan yi ƙasa, kunu mai kauri, cokali ƙarami. Tana ɗaukar lokaci amma ba tari.

Maman_Ihsan
Mu koma kan tambayar Maman Khalifa don ni ma amsar nake nema. Ni kalanda na rataya a bayan ƙofa, duk ranar da na yi sai in ja layi. Ya yi min aiki wata guda, daga nan ganin ranakun da babu layi ya koma sa ni kuka, na cire ta.

Ummu_Sadiq
Ni kuma kalandar ce ta riƙe ni, kin ga kowa da nasa. Amma yayarsa mai shekara 11 na ba wa biro, ita ke ja, ita ke tuna min. Har ta iya jujjuya shi da wasa. Miƙe gaɓa dai ban bari ta yi ba, wannan na manya ne.

Zainabu_Zariya
A kula da yayyen su ma. Babbar 'yata ta taɓa ce min, Umma ko sai na yi ciwo za ki zauna da ni? Na kasa ba ta amsa.

Baban_Hanifa
Akwai masu haɗuwa? Mu gida huɗu ne a unguwa masu irin wannan yaran, a layin asibiti muka san juna. Matan suna haɗuwa ranar Asabar a gida ɗaya, kowa ta yi wa nata, ana hira. In ɗaya ta haihu ko ta yi rashin lafiya sauran su karɓi ɗanta. Adaidaita ma ɗaya muke ɗauka mu raba kuɗin.

Inna_Gombe
Wannan dabara ta yi. Amma wasu ɓoye yaran suke a ɗaki, ko maƙwabta ba su san da su ba. Ta ina za ka fara?

Maman_Khalifa
Assalamu alaikum, na dawo da bayani. Jiya muka je, da Abbansu, karon farko da ya shiga ɗakin gashin. Na faɗa mata gaskiya, muryata tana rawa. Ta ce ta lura tun zuwan da ya wuce, agararsa ta ƙara tauri. Ta soke biyar ta bar uku, ta kama hannun Abbansu ta nuna masa, na ɗauka a waya. Ta kuma rubuta mana hoton ƙugu kamar yadda Anti ta ce, sai ranar Litinin. Ya karɓi na dare. Na ɗauke tabarmar, na samo taya a wajen mai faci na wanke ta. Yau da safe ban samu na yi ba, ƙaramar yayarsa ta tashi da zazzaɓi, amma na La'asar ya samu, kuma bai yi kuka ba sai a ƙarshe. Abin da har yanzu ban san yadda zan yi da shi ba shi ne in na haihu. Kwana arba'in a gida zan yi, Innata kuma tsoron taɓa shi take.

Hajiya_Kaka
Ki fara kai mata shi tun yanzu ɗiyata, kina zaune tana yi. Ni ma da farko tsoro nake kada in ɓalla wani abu.

Bilkisu_Kd
Ko ki bar shi wajen babansa da dare, a kawo miki shi da rana, in gidajen ba su da nisa.

Maman_Khalifa
Da nisa, Innata tana Wudil, mu muna cikin gari.

Inna_Gombe
Anti mai gashi, kafintan ya ce in tambayo, faifan gaban nan a daidai ina zai tsaya, cibiya ko ƙirji? Kuma minti nawa zan fara tsayar da shi?

Anti_Mai_Gashi
Kusan daidai gwiwar hannunsa in ya lanƙwasa, amma kada ya buga ƙusa sai mai gashinku ta auna shi, don ban ga yaron ba. Ki fara da ɗan lokaci kaɗan kina ƙarawa, kina tsaye a kansa, in kin kwance ki duba fatarsa inda maɗaurin ya taɓa. Maman Khalifa, ki tambaya ko za su yarda Innarki ta zo zaman gashi ɗaya kafin watanki ya kama.